Shekarar da Aka Aske 'Yan Ƙwallon Ransom

Yaran yanzu da ke shiga fili da hulunan fata kamar an kifa musu tukwane, in na gan su dariya suke ba ni. A zamaninmu suma ce hula. Tun watan Yuni ɗan ƙwallo, irin tamu ta Amurka da ake rungumewa a ruga, yake yin sallama da mai aski, kafin kaka ta shigo kansa ya koma kamar na tunkiyar da aka manta da ita a daji. In an yi karo, sumar ce take tare ƙwaƙwalwa. Haka dai suka ce, ni ban taɓa buɗe kan kowa na leƙa ba.

Sunana Dorcas Whitlow. Mijina ya mutu ya bar mini ƙaton gida daidai ƙofar Kwalejin Ransom, a nan Ohio, sai na cika shi da ɗalibai 'yan haya. 'Yan ƙwallo duk a teburina suke ci: naman shanu da jini-jininsa, dankali, burodin jiya. Inna suke ce mini. Karatuna a aji uku ya tsaya, don haka in kun ga kuskure ku haɗiye shi da ruwa. Amma kunnena, babu makarantar da bai gama ba.

Abin da zan ba ku labari a kakar 1893 ya faru. Kyaftin ɗinmu a shekarar Orval Dunkel ne, ɗan wani mai kiwon aladu daga gangaren kogi, sumarsa ja kamar gemun masara. Duk danginsu shi ne na farko da ya taka kwaleji, kuma shekararsa ta ƙarshe ke nan. Uwarsa har ta ɗinka koriyar rigar da za ta sa ranar bikin gama karatu, ta ninke ta a akwati tana jira.

Wasan da kowa ke ɗoki shi ne na Ranar Godiya, bikin shekara da ake cin talotalo, mu da Kwalejin Eldred. Waɗannan mutane ba su da imani. Sai su ja baya su haɗa jiki kamar bakin garma, mai ƙwallo a tsakiya, su sheƙo a guje su nufi mutum ɗaya su bi ta kansa. Shekarar da ta gabata sun bi ta kan wani yaronmu, Lemuel Tate. A kan ƙyauren ƙofa aka fitar da shi, kuma tun daga ranar maganarsa ɗaya-ɗaya take fita. Ba mu taɓa cinsu ba. Kai, ko maki ɗaya ba mu taɓa ƙwata a hannunsu ba.

A wannan shekarar aka kawo mana sabon shugaban kwaleji, Rabaran Silas Penrod. Dogo, siriri, kansa tal kwabo. Ni ban ce sanƙon ne ya sa shi ƙin suma ba. Minna matar mai aski ce ta faɗa, ni taimakawa kawai na yi maganar ta zaga gari. Ya so ya hana ƙwallo gaba ɗaya, amma Mista Haskell mai injin niƙan alkama shi ne babba cikin masu riƙon kwalejin, kuma shi ya fi son ƙwallo da matarsa. Da ƙofar gaba ta ƙi buɗuwa, sai Rabaran ya zagaya ta baya. Ranar Lahadi ya yi dogon wa'azi, wai tara gashi aikin mata ne. Litinin da safe ya sanar: duk ɗalibin da rana ta faɗi Talata sumarsa tana kansa, ya ɗaure akwatinsa. Wasa kuwa Alhamis.

Gaskiya ɗaya ce, mutumin bai yi ƙarya ba da ya ce wasan yana nakasa yara. Inda ya yi tuntuɓe, ya zaci in ya raba su da suma tsoro zai hana su shiga fili. Wanda ya taɓa zama saurayi ba zai yi wannan tunanin ba. Shi kuwa Rabaran, ina jin da tabarau aka haife shi.

Ranar a tebur babu mai taɓa nama, sai Elmer Voss, wani ƙaton yaro da suke kira Buhu. Shi ko gobara ake yi sai ya share kwanonsa.

"Mu ƙi askin kawai," in ji Buhu, baki cike. "Mutum goma sha ɗaya zai kora?"

"Kai in an kore ka kantin ubanka yana jiranka," in ji Orval. "Ni aladu ne suke jirana."

"To mu aika wa Eldred mu ce ba ma bugawa."

"Mu ce musu me? Mun tafi aski?"

"Mu ce mura ta kama mu."

"Buhu, ci namanka." Orval ya ajiye cokali. "Gobe a yi mini aski, jibi in huta, gata in shiga fili. Ko da kai tsirara ne. Wanda ba zai iya ba, ba zan ga laifinsa ba."

Na ce, "Kai jan kai, ka san garmar nan kyaftin take fara nema ko?"

"Na sani, Inna."

"Koriyar rigar nan, a jana'iza kake so uwarka ta sa ta?"

"Inna, ƙaro mini dankali."

Talata da hantsi suka yi layi a shagon Gus Lindauer. Rabaran da kansa ya zo ya zauna a bencin jira, malafa a gwiwa. Ni ma na je, wai sayen sabulun wanki. Ba a sayar da shi a shagon aski, amma babu wanda ya tambaye ni. Orval ne na ƙarshe. Da aka gama masa, Rabaran ya sunkuya ya kwashe jan gashin da hannunsa, ya buɗe murhun dumama ɗaki ya watsa. Ƙauri ya cika shagon.

"Wannan ya zame maka darasi, Dunkel."

"Na gode, ranka ya daɗe. Har iska ta fara shiga."

Suka fito kawuna fari fat kamar dankalin da aka fere, kunnuwa a miƙe. Minna ta ɗauko tsintsiya tana tsaki, ta tara gashin tsibi guda. Na taka tsintsiyar.

"Ke Minna, ina za ki kai shi?"

"Bola mana. Ko miya za ki kaɗa da shi?"

"Gashi ne fa. A kai yake ko a ƙasa, taushinsa ɗaya ne."

Ta dube ni, ta dubi tsibin. Ta shiga ciki ta zaro rigar matashin kai muka loda.

Buhunan garin alkamar Haskell cike suke a ɗakin girkina. Muka yanka su bibbiyu, gashi a tsakiya, mu ɗinke layi-layi kamar bargo, mu sa igiya ta ƙarƙashin haɓa. Kada ku ce me ya hana mu sa auduga. Auduga in ta sha gumi dunƙulewa take kamar dutse, gashi ne in ka danna yake dawowa. Sai dai gashi mayaudari ne: a kai kamar zai cika ɗaki, cikin ƙyalle bai fi tafin hannu ba. Na mutum goma bai cika hula huɗu ba.

To, a zamanin babu macen da ba ta da ɗan kwanon tangaran mai rami a murfi a gaban madubinta. In ta taje kai, abin da ya biyo mataji sai ta naɗe a yatsa ta tura ciki, in ya taru ta yi ciko da shi ko matashin allurai. Abin sirri ne, ko miji ba a nuna wa. Laraba da sassafe ni da Minna muka bi gari gida-gida da kwando, kuma ranar idona ya ga abin kallo. Matar likita, mai cewa gashinta bai taɓa zuba ba, kwano uku ta fito da su. Prudence ƙanwar mai gidan waya, wadda ta ƙi aure tana taƙama da baƙin gashi, na kwanonta fari ne sol. Na yi mata alkawarin ba zan gaya wa kowa ba. Ta mutu tuntuni, alkawari ya bi ta.

Kafin tsakar rana mata sun cika mini ɗakin girki, kekunan ɗinki biyu suna ta kuka. Nawa kwanon a hular Buhu na zazzage shi kaf, don kansa kabewa ne. Da yamma huluna goma sun yi ɓul-ɓul. Ta Orval ce ta rage fayau, saboda ya ce a fara da na sauran, nasa gashin kuwa ya riga ya zama hayaƙi. Muna tsaye muna kallonta sai aka ƙwanƙwasa ƙofar baya.

Cordelia Penrod ce, matar Rabaran. Matar likita ta zauna daram a kan huluna biyu. Ita Cordelia ba mai magana ba ce, ko a gida Rabaran take kiran mijinta, mai wankinsu ce ta gaya mini. Abu ɗaya aka san ta da shi: gashi baƙi wuluk har gwiwa, da layin furfura guda mai faɗin yatsa tun daga goshi har jela. Ranar ta ja malafarta har kunne ta ɗaure tam.

Ta ajiye kwando a kan tebur. "Na ji saura ɗaya."

"Saura ɗaya me, Uwargida? Bargon marayu muke ɗinkawa."

"Dorcas, tagata tana kallon taki."

Na ɗaga ƙyallen da ke bakin kwandon. Jelar kitso ce guda, a naɗe kamar maciji, kaurin damtsena.

"Ubangiji! Uwargida, ya sani?"

"Rabon da ya dubi kaina tun muna amare." Ta gyara igiyar malafarta. "Uwar Lemuel Tate ce ke yi mini wanki, tare suke zuwa. Na ga yadda yake riƙe cokali. Mijina ba ya son wasan nan, ni ma ba na so. Amma shi littattafai ya rena, ni ƙanne maza huɗu na rena. Za su buga."

Ta juya ta fita. Minna ta ce a daddatsa shi, na ce a'a, a naɗe ya fi ƙarfi. Na naɗa shi kamar gammo na ɗinke cikin hular. Orval da ya gwada ya ce, "Inna, wannan ai katifa ce. Na wace ce?" Na ce, "Na wutsiyar doki."

Alhamis aka ci talotalo da wuri, gari ya kwashe zuwa filin bayan injin. Sanyi ya daskarar da ƙasa kamar dutse. 'Yan Eldred sun sauko daga jirgin ƙasa, kowanne da gezarsa kamar zaki. Sai ga namu sun fito da fararen huluna, kowace da sunan Haskell a jiki, wata rabi, wata a juye, ta Buhu har da hoton damin alkama a goshi. Filin ya kece da dariya.

"Jarirai! Ina ungozomarku?"

"Wa ya sato hular kakarsa?"

Mista Haskell kuwa da ya ga sunansa yana yawo a fili, har hawayen daɗi ya yi. Can gefe karusar Rabaran ta tsaya, shi da matarsa. Fili babu kowa ya zo gani, ya tarar da wannan.

Garmar farko Orval ta nufa, kamar yadda na faɗa. Na ji ƙarar har cikin haƙorana. Da aka ɗaga ƙattin ɗaya bayan ɗaya, sai ga shi ya miƙe, ya tofar da ƙasa, ya gyara hula, ya ɗago mini hannu. Suka sake, ya sake miƙewa. Suka kuma, ya kuma. Daf da hutun rabin lokaci namu suka rungume shi da ƙwallon a ƙirji, Buhu a baya yana turi kamar bijimi, suka yi ta jan jiki taku-taku har suka zube a bayan layin Eldred. Maki huɗu! Bugun ƙarin ya bi iska, amma wa ya damu? Na yi ihu har muryata ta tafi, Minna ta doke ni da lema ba ta sani ba.

Bayan hutu ne tsiya ta tashi. Su 'yan Eldred sun saba in mutum zai kufce su cafko shi ta suma. Wani dogonsu ya kai hannu, ya samu hula, ya fizga. Ɗinkin ya yage. Kitson ya faɗo ya warware a kan ƙasa, doguwar jela baƙa. Yaron ya ɗauka yana juya ta a sama kamar bulala.

"Kai Dunkel! Budurwarka ce ta yi maka guzuri?"

Ɓangarensu ya fashe da shewa. Namu kuwa ko tari babu, don kowa ya ga layin furfurar nan. A lokacin in yarinya ta ba saurayi ɗan tsinken gashinta, magana ta ƙare, sai sa rana. To ina ga matar aure, kitso guda cur, a kan ɗan makaranta?

Rabaran ya sauko daga karusa, ya sunkuya ta ƙarƙashin igiyar da ta kewaye fili, ya tako har tsakiyar fili. Alƙalin wasa ya tsai da komai. Dogon Eldred ya miƙa masa jelar ya ja baya.

"Dunkel, ina ka samo wannan?"

"A hulata yake, ranka ya daɗe. An ce mini na doki ne."

Wani ya yi ƙaramar dariya, ya haɗiye ta.

"Ka ɗaure akwatinka yau. Jirgin safe za ka bi."

Yaron da garma uku ba ta kwantar ba, sai ga shi ya waiga wajen keken shanun da iyayensa ke zaune, ya sunkuyar da kai.

"Silas."

Ba da ƙarfi ta faɗa ba, amma har 'yan Eldred sun ji. Cordelia ce tsaye a kan karusa. Ta kwance igiya, ta cire malafa. Kai a datse kamar na ɗan makaranta.

"Yaron bai san komai ba. Ni na yanke, da almakashin da ke kan teburinka."

"Cordelia, rufe kanki!"

"Sai ka janye."

Bai janye ba. Maza suka fara gunaguni, na ga wasu mata suna kau da fuska. Na san garinmu, kafin a ci ragowar talotalo an gama yi mata ɗinkin da ba ya kwancewa, yaron kuma yana cikin jirgi. Sai na tattare siket na bi ta ƙarƙashin igiya. Muryata ta dishe, amma abin da ya rage ya isa.

"Rabaran, ranka ya daɗe, in gashin mace a hular saurayi soyayya ce, to a haɗa da Buhu a kora. Furfurata ce a tasa. Buhu, matso angona. Yaushe za a ɗaura?"

Buhu ya share jinin hancinsa. "Inna, in naman nan ba zai yanke ba, ko gobe."

Minna ta daka tsawa daga bayan igiya: "Nawa yana kan ɗan gidan Pruitt!"

"Nawa kan mutum uku yake!" in ji matar likita. Likita ya juyo ya dube ta kamar yau ya fara ganinta. Daga nan sai ta ko'ina, wannan ta ce nawa, waccan ta ce nawa. Har Prudence ta ɗaga hannu, ko da yake ba ta faɗi launi ba. Mista Haskell ya riƙe ciki ya jingina da turken igiya.

"Rabaran, in ka kori masoyan nan duka, da wa za ka cika majami'a?"

Cordelia ba ta yi dariya ba. Ta jira aka lafa. "In yaron nan ya hau jirgi, Silas, haka zan riƙa zama a bencin gaba kowace Lahadi. Kana wa'azi kana kallona."

Ya daɗe a tsaye da jelar a hannu. Ya dubi matarsa, ya dubi yaran nan goma sha ɗaya da buhunan gari a ka, kowa da ciwonsa, babu wanda ya nufi barin fili. Ya cire malafa ya share zufa a cikin wannan sanyin, muka ga kawuna biyu suna shan iska, na miji da na mata. Sannan ya miƙo mini kitson, haƙora a cije.

"Tunda ba sa ji, ki mayar masa. Ki ɗinke da kyau wannan karon."

"Akwatin fa, ranka ya daɗe?"

"Ki ɗinke, na ce."

"Kunnena ya tsufa. Akwatin fa?"

"Ya bar shi inda yake!"

Allura ba ta rabuwa da wuyan rigata. Nan tsakiyar fili na naɗa gammon, na kifa masa, na ɗinke a kansa yana durƙushe.

"Inna, kunne ne wannan!"

"Biyu gare ka. Tsaya."

Aka koma wasa. Ba zan yi muku ƙarya ba, da aski ya zo gaban goshi 'yan Eldred sun tsallaka layinmu, bugunsu kuma ya shiga. Shida da huɗu. Suka ɗauki ƙwallon suka tafi da ita kamar yadda aka saba. Amma ƙyauren ƙofar da aka jingine a gefen fili, yadda aka kawo shi haka aka mayar, babu wanda ya hau. Cordelia kuwa ba ta mai da malafarta ba har aka tashi, kunnuwanta sun yi ja jawur don sanyi.

A watan Yuni Orval ya hau dandamali, suma ta sake rufe masa kunne, Rabaran da hannunsa ya miƙa masa takardar gama karatu. Uwarsa tana benci na biyu cikin koriyar riga. Ta ɗan matse ta, don ta yi ƙiba a lokacin sanyi, amma ta sa abarta. Cordelia ba ta sake tara gashi ba har ta mutu, wai tun da ta yanke ciwon kai ya bar ta. Wane ciwon kan take nufi, ban tambaya ba.

Jarida ta rubuta cewa Ransom ta sha kashi a shekarar. Wanda ya rubuta bai je filin ba, in kuma yana da rai ya zo ya faɗa a gabana. Buhu dai har ya yi jikoki, in ya hango ni a kasuwa sai ya cire hula ya ce, "Amarya, an fito?" Matarsa ba ta son wasan ko kaɗan. Shi ya sa nake amsawa da ƙarfi.